Abin da Jariri Ke Fara Lasa

A gidajen suna da na biki akwai wani abu da ido ya saba gani, wanda yanzu sai an yi dace. Da, in aka ajiye kwanon tuwo a tsakiyar mata, mai goyo kan dangwala yatsa a miya, ta hura, ta kai bakin yaron da ke kan cinyarta ba tare da ta katse hirarta ba. Yaro ya yamutsa fuska, ya lashe leɓe, ya sake wangale baki. Ba wanda zai ko kalle su. Yanzu uwa tana zaune da jaka a gefenta, ga filas, ga gwangwanin garin jarirai, ga cokalin roba a cikin ledarsa. In wata dattijuwa ta miƙo yatsa da miyar taushe, sai a ɗan janye yaron cikin ladabi, a ce, "Hajiya, ba a fara ba shi ba tukuna. Da gyaɗa a ciki, an ce sai ya shekara uku." Dattijuwar ta mai da hannunta, ta ce, "To, Allah ya raya," amma kana gani ka san maganar ta tsaya mata a rai.

Duka matan biyu ƙauna ce ta motsa su. Uwar ba raini take yi ba, tsoro take ji, kuma tsoron ba daga iska ya faɗo ba. Ta ji labarin yaran Turai da ke kumbura, numfashinsu ya sarƙe saboda ƙwayar gyaɗa guda. Abin da bai iso kunnenta ba shi ne, waɗanda suka fito da maganar "sai ya shekara uku" sun janye ta tun 2008, kuma yau akasinta suke koya wa iyaye. Shawarar da masu ita suka yar, ita ce yanzu ke samun wurin zama a gidajenmu na birni, ta hanyar waya da ta bakin 'yan'uwan da aure ko karatu ya kai ƙetare.

Na tashi a gidan da ake sana'ar ƙuli. Ranar suya, tun da hantsi ƙamshin gyaɗa ke cika tsakar gida, ya ratsa zaure ya fita layi. A soya a babban kasko, a baza a tabarma ta huce, a murje, a bakace jan ɓawon a faifai, mu yara mu ɗauka a kai inji. In ta dawo a markaɗe sai a juye a turmi, ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya, har mai ya fara tsattsafowa ya taru a sama yana ƙyalli. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a jefa a mai. Duk wannan aiki da goyo a baya ake yinsa. Yaro ya yi kuka a sauke shi a ba shi nono, in ya kai zama kuma a dangwalo markaɗen a sa masa a baki don ya bar mutane su yi aiki. Da azumi kuwa kunun gyaɗa ba ya yankewa, fari tas, mai ɗan tsamin tsamiya. Kakarmu, wadda muke ce wa Inna, takan ɗebi na sama-sama a ƙaramin ludayi, ta fifita da mafici, ta ce wa matar ƙanen babanmu, "Ke 'yar nan, miƙo min angon nan nawa, ya ji abin da ake sha a gidansu." Ga miyar gyaɗa, ga kwaɗon zogale da na rama, ga fate. Kafin yaro ya yi haƙora huɗu, babu abin da ake ci a gidan nan da bai ratsa harshensa ba, kuma ba sau ɗaya ba, kusan kowace rana.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama arzikin ƙasar Hausa, har 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka jera buhuna aka yi dalar gyaɗa. Fari da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 sun rushe dalar, amma gyaɗa ba ta bar tukunya ba. A cikin tsofaffin nan babu wadda ta taɓa cewa rigakafi take yi wa jikanta. Abinci ne ake ci, yaro kuma ɗan gida ne.

A can Ingila da Amurka, wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce, likitoci sun lura cewa yaran da jikinsu ke yi wa abinci bore suna ƙaruwa. Yadda abin yake shi ne, garkuwar jiki ta ɗauki furotin ɗin wani abinci, na gyaɗa ko ƙwai ko madara, a matsayin abokin gaba, ta yi masa tanadin makamai. Ranar da suka sake haɗuwa, cikin 'yan mintuna sai borin jini ya feso, leɓe da fatar ido su kumbura, amai ya biyo. In abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe, jini ya sauka, rai ya shiga haɗari. Da likitocin suka ga haka sai hankali ya ba su cewa a nisanta jariri da abin har hanjinsa ya yi ƙwari. A 1998 wani kwamitin gwamnatin Birtaniya ya shawarci gidajen da ke da gadon irin wannan ciwo da su hana yara gyaɗa sai sun shekara uku, uwa ma ta ƙaurace mata tun tana da ciki. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu, ta ce madarar shanu sai shekara ɗaya, ƙwai sai biyu, gyaɗa da kifi sai uku. Iyaye suka bi sau da ƙafa, har da waɗanda ba don su aka yi maganar ba. Ciwon bai ragu ba, gaba ma ya ci.

Wanda ya fara warware zaren shi ne Gideon Lack, likitan yara a Landan. Ya je Tel Abib gabatar da lacca, ya tambayi likitocin da ke zauren ko su wa suka ga yaro mai borin gyaɗa a shekarar da ta gabata. 'Yan ƙalilan ne suka ɗaga hannu, alhali a Landan kusan kowa zai ɗaga. Shi da abokin aikinsa George Du Toit suka kwatanta yaran Yahudawa fiye da 5,000 a Birtaniya da wasu fiye da 5,000 a Isra'ila, mutanen da asalinsu ɗaya, don kada a ce gado ne. Sakamakon ya fito a 2008: kashi 1.85 cikin 100 a Birtaniya, kashi 0.17 a Isra'ila, wato ninki goma. Bambancin yana cikin abin da ake miƙa wa jariri. A Isra'ila akwai wani abin taɓawa da ake kira Bamba, na masara da gyaɗa, mai narkewa a baki. Kafin wata tara, kashi 69 cikin 100 na jariran can sun riga sun ci gyaɗa. A Birtaniya kashi 10 ne kawai.

Kwatance ba hujja ba ce, don haka suka shirya gwaji. Suka tara jarirai 640 'yan wata huɗu zuwa goma sha ɗaya, dukansu masu matsanancin ciwon fata na ekzima, ko borin ƙwai, ko duka biyun, wato waɗanda aka fi jin tsoro a kansu. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka hana su gyaɗa ɗungum, rabi ana ba su aƙalla sau uku a mako har suka shekara biyar. A watan Fabrairun 2015 aka bayyana abin da aka gani a wannan bincike mai suna LEAP. Cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu. Cikin waɗanda ake bai wa, 3 cikin 100. Aka ci gaba da bin yaran har suka zama samari da 'yan mata, kowa na cin abin da ya ga dama, kuma a 2024 aka tarar kariyar tana nan: kashi 15.4 a ɓangaren farko, 4.4 a na biyu. Tun 2017 hukumomin lafiya na Amurka suka juya shawararsu gaba ɗaya.

A nan ne mutum zai so ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani, ya yi shiru. Akwai gaskiya a ciki, kuma ina ganin gaskiyar ta fi yadda ake zato zurfi. Abin da ya yi aiki a gwajin nan ba ɗanɗano ɗaya ba ne, sabo ne, ci ne mai ɗorewa mako bayan mako. Wani binciken da aka yi a Ingila da jarirai 1,303, wanda ya fito a 2016, ya nemi iyaye su riƙa ba da abinci iri shida a kan ƙa'ida: gyaɗa, ƙwai, madara, riɗi, kifi da alkama. Mafi yawansu sun kasa riƙe ƙa'idar, amfanin kuma ya fito fili ne a wurin waɗanda suka riƙe. A Ostireliya, bayan an sauya shawara a 2016, jariran da ke cin gyaɗa kafin shekara sun tashi daga kashi 28 zuwa kusan 89 cikin 100, amma ciwon ya sauka ne daga 3.1 zuwa 2.6 kawai. Fara ba wa yaro abu ɗaya ne, ci gaba da ba shi wani abu ne daban. Mu a gidanmu babu wanda ya riƙe jadawali. Tukunya ɗaya ce, abin da ke cikinta yau shi ne gobe, yaro kuma yana kan cinya. Wannan ne abin da gwangwani ya raba mu da shi: jariri ya koma yana da nasa abincin daban, mai ɗanɗano ɗaya, na shinkafa ko alkama da madara, watanni suna wucewa bai san abin da 'yan gidansu ke ci ba.

Amma hannun da ke ba da kunun shi ne kuma ke shafa mai. Bayan wanka Inna kan zuba man gyaɗa a tafinta, wanda aka matse a gida, ta murza, ta bi jikin jariri tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta fi dagewa a inda fata ta bushe ta yi ja, bayan gwiwa da kumatu. Tun 2003 Lack da abokan aikinsa suka gano, a cikin dubban yaran yankin Biristol, cewa waɗanda aka shafa wa mai mai haɗe da man gyaɗa a fata mai ƙuraje sun fi kamuwa da borin gyaɗa. Daga nan aka gane cewa jiki yana lura da ƙofar da abu ya biyo. Wanda ya shigo ta zaure ya yi sallama baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya hauro ta inda katanga ta zube, ɓarawo za a kira shi ko da da alheri ya zo. Furotin da ya bi ta baki ya isa hanji, garkuwar jiki kan koyi zama da shi lafiya. Wanda ya kutsa ta tsagewar fata mai kumburi tun kafin a taɓa cinsa, shi ake ɗaura wa yaƙi. Man da aka matse a turmi kuwa ya fi na kamfani ɗauke da ragowar furotin. Yaran gidanmu sun tsira ne, a ganina, domin baki yakan riga fata ko su yi kunnen doki. Yaron yau da aka hana shi ci, alhali ana ci a gidan, ana ɗaukarsa da hannun da ya taɓa ƙuli, fatarsa kuma tana tsagewa, shi ne aka bar wa hanya mafi muni a buɗe aka rufe mai kyau. Saboda haka jariri mai ekzima a nema masa magani da wuri, a shafa masa basilin ko abin da likita ya rubuta, a wanke hannu kafin shafawar, man gyaɗa kuma a bar shi a tukunya.

Sai maganar ƙwai, inda tsofaffinmu suka yi daidai da likitocin Amurka na 2000 ba tare da sun san juna ba. Wa bai ji an ce in aka ba yaro ƙwai ɓarawo zai zama ba? Kaji na yawo a tsakar gida, ƙwan kuma na kasuwa ne, ko na ƙyanƙyasa, ko na maigida. Na san hikimar talauci ce aka yi wa rigar camfi, don kada yaro ya saba da abin da gida ba zai iya ba shi kullum ba. Amma hasara ce ta fuska biyu. An hana yaro abinci mai gina jiki a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke tsananin buƙata, an kuma jinkirta sabon da ke kare shi. A Japan an gwada ba jarirai masu ekzima ɗan garin dafaffen ƙwai kullum tun daga wata shida, ana kuma yi musu maganin fatar. Da suka shekara, 8 cikin 100 ne suka kamu da borin ƙwai, cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 38. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don kada a ci gaba da tauye rabin yaran. Sharaɗin shi ne ƙwan ya dahu sosai, domin gwaje-gwajen da aka yi da ɗanyen ƙwai sun tayar wa jarirai da yawa da bore.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A da, dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, matse shi ake yi a zubar, a ce bai da kyau. Jariri ya yi kwanaki ana ɗura masa ruwa, ko madarar akuya, ko zuma, ko dauri, kafin a yarda ya kama mama. Wasu tun suna wata biyu ake fara musu koko da ruwan rijiya. Gudawa ta kwashe da yawa, aka ce haƙori ne, aka ce wabi ne. Ko a binciken lafiya na ƙasa na 2018, yara 132 cikin kowane 1,000 a Najeriya ba sa kai shekara biyar, kuma kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Duk wanda zai yi kewar jiya ya tuna da wannan. Ungozomomi da ma'aikatan asibiti da suka shafe shekaru suna nanata nono zalla har wata shida sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa, kuma babu abin da binciken Landan ya rushe a cikin maganarsu. A ƙasashen da ruwan famfo ke da tsabta akan fara wa wasu jarirai tun wata huɗu bisa shawarar likita. Mu da ruwanmu da ƙudanmu, wata shida shi ne daidai, amma in shidan ya cika kada a tsaya jira. Zuma dai sai bayan shekara. Madarar gwangwani da akan ɗan ba jariri a kwanakin farko kafin nono ya kawo, sannan a daina, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta ce a guje ta a makon farko in ba dole ba, domin tana iya share wa borin madara hanya. Uwa kuma, mai ciki ko mai shayarwa, ba ta da dalilin barin gyaɗa ko ƙwai ko kifi don kare ɗanta.

Nakan ji ana cewa mu ba mu san wannan ciwo ba, na Turawa ne. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Yaron da fuskarsa ta kumbura ya shiɗe bayan cin abinci a ƙauye, iska za a ce ta buge shi, ko a nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce. Sai dai alƙaluma sun nuna lallai ya fi ƙaranci inda ake zaman da. A Afirka ta Kudu an auna yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, aka sami masu borin abinci kashi 2.5 cikin 100 a birnin Cape Town, kashi 0.5 a ƙauyukan gabashin ƙasar. Birni na zuwa da nasa: nisa da dabbobi da ƙasa, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, sauyin cima. Kano da Kaduna da Yamai duk hanyar nan suka miƙa. Wani binciken na Ghana kuma ya ƙunshi gargaɗi ga masu saurin zuwa ɗakin gwaji. Cikin 'yan makaranta 1,604 a yankin Accra, jinin kashi 17.5 cikin 100 ya nuna alamar borin gyaɗa, amma kashi 1.5 ne kawai suka ce tana yi musu wani abu. Aka gano cewa tsutsar tsargiya ce ke sa jini ya yi abin da ke ruɗa gwajin. Takardar gwaji kaɗai ba ta isa a raba yaron Bahaushe da gyaɗa ba, sai an haɗa da abin da ya faru a jikinsa bayan ya ci.

Raba shi da ita kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da tamowa ke kwantar da yara kowace damina. Ɗan ƙunshin nan da ake rabawa a asibiti, wanda likitan Faransa André Briend ya taimaka aka ƙirƙiro a shekarun 1990, markaɗen gyaɗa ne da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma da wannan haɗin aka tashi mafi yawansu, uwa na ba ɗanta a gida. Gyaɗa ita ce naman talaka. In tsoron da ya fara daga gidajen masu hali ya gangaro unguwannin da babu kuɗin gwangwani, abin da zai rage a kofin yaro koko ne tsurarsa.

Abin tsoro na gaskiya a gyaɗarmu wani ne daban, kuma tsofaffi sun san shi da ido ko da ba su san sunansa ba. Ba a taɓa kai gyaɗa kasko a gidanmu ba sai an zauna an tsince ta, a fitar da mai baƙi, da motsattsiya, da mai ɗaci, da wadda ta yi fumfuna. Wannan fumfunar ce ke haifar da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Tana lalata hanta, tana da hannu a tsumburewar yara, wuta kuma ba ta kashe ta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da Aflasafe da manomi ke watsawa a gona don rage ta, amma a kasuwa har yanzu gyaɗar da aka tsince aka ware ita ce mai araha, kuma sau da yawa ita ke komawa inji. Markaɗen da za a ba jariri ya fi kyau uwa ta tsince gyaɗarsa da hannunta.

Yadda za a yi ba wuya. Yaro ya cika wata shida, yana iya zama in an tallafe shi, ya fara karɓar kunu. A zaɓi safiyar da yake lafiya, ba zazzaɓi ba mura. A dama cokalin shayi biyu na markaɗen gyaɗa mai laushi da tafasasshen ruwa mai ɗumi, ko nonon uwa, ko kununsa, har ya yi ruwa-ruwa, ba gishiri ba yaji. A lasa masa kaɗan a bakin cokali, a dakata kamar minti goma ana kallonsa, in babu komai a ba shi sauran, a sa masa ido na awa biyu. Daga nan a riƙa ba shi kamar sau uku a mako, kada a yanke. Bayan 'yan kwanaki a shigo da dafaffen ƙwai da aka murƙushe, sannan kifi da aka cire wa ƙaya, da riɗi, da wake, ɗaya bayan ɗaya, nono kuma na ci gaba har yaye. Ƙwayar gyaɗa, da ƙuli mai tauri, da curin dakuwa ba na ƙaramin yaro ba ne sai ya kai shekara biyar, saboda shaƙewa. Kada a goga abinci a fatarsa da sunan gwaji. Jaririn da ekzima ta yi wa yawa, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da bore, shi a fara kai shi wurin likita, kuma da wuri, domin a kansa ne jinkiri ya fi tsada.

Duk da haka za a sami yaron da ya kamu, ko an yi komai daidai. Uku cikin ɗarin nan na Landan 'ya'yan mutane ne. A nan ne al'adarmu ta gidan yawa, wadda ta kare mafi yawa, take zama haɗari ga ɗaya. Kowa na da ikon sa wa yaro abu a baki, goggo da yaya da maƙwabciya, kuma in uwa ta ce jikinsa ba ya so, akan ce tsirfa ce ta 'yan boko, ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, da haka zai saba. Sabo kafin ciwo ya kama ne yake kariya. Bayan ya kama, ɗan kaɗan ɗin nan na iya toshe maƙogwaro. In yaro ya ci abu, sai murya ta dushe, numfashi ya koma fito, harshe ya kumbura, ko jiki ya saki ya yi fari, ba lokacin ɗura manja ko madara ba ne. Piriton na rage ƙaiƙayi amma ba ya buɗe hanyar iska. Allurar adiranalin a cinya ita ce magani, kuma kowane ƙaramin asibiti da ake awon jarirai ya kamata a ce tana cikin durowarsa, da wanda ya iya yinta. Yara da yawa kan rabu da borin madara da na ƙwai in sun girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. Sanin ko ya rabu sai an sake gwadawa, gwajin kuma a gaban likita ake yinsa, inda allurar ke kusa, ba a tsakar gida ba ranar da uwar ta tafi unguwa.